Sheƙar Ungulu a Inkil

Ranar da na gaya wa mahaifiyata cewa aikin da aka ba ni shi ne bin ungulaye, sai da ta ajiye ludayi ta dube ni. Ta ce, "Duk karatun nan a kan mushe zai ƙare?" Lokacin ungulu ta fara ɓacewa a Bauchi. Mahauta a kwata suna cewa a da har da sanda ake korar su, yanzu sai a wuni ba a ga ko ɗaya ba. Masu kama su ne suka yi yawa, don kai da ƙafa da ƙwai duk ana nema a haɗa magani.

Na yi watanni ina yawo da madubin hangen nesa ban ga sheƙa ko guda ba. Akwai wani dattijo manomi a ƙauyen Inkil da nake tsayawa mu gaisa a bakin gonarsa. Ya gaji da ganina ina ɗaga kai sama kamar mai duban watan azumi. Rannan ya ce, "'Yata, in na nuna miki abu, zai tsaya a cikinki?" Na ce zai tsaya. Ya ce in rantse, na rantse. Ya kai ni ƙarshen gonar, gindin wani maɗaci. Can ƙololuwa ga sheƙa, ga uwa kwance. Ƙwai ɗaya tak ungulu take yi a shekara. Tun 'ya'yan dattijon suna ƙanana tsuntsayen nan ke zuwa, kuma ko iyalinsa bai gaya wa ba.

A aikinmu ba a faɗin inda sheƙa take, sai dai a rubuta a littafi a kulle. Mutum ɗaya na tura wa hoton da na ɗauka: abokin aikina, wanda muka yi jami'a tare, muka sha rana da cizon ƙudan tsando tare a gandun daji. Ban ɗauki hakan karya rantsuwa ba, don a wurina ni da shi ɗaya ne. Da na ja masa kunne, dariya ya yi. "Haba, ni za ki yi wa kashedi?"

Bayan mako biyu ofishinmu ya shirya taron wayar da kai a GRA. An gayyato mafarauta da masu sai da kayan magani daga wajen kasuwar Wunti, ga manyan baƙi a layin gaba. Abokin aikin nawa ne mai jawabi. Ina zaune a gefe sai ga maɗacin ya cika majigi, har da dutsen da ke bayansa da hanyar da ta bi gefen gonar. Ya ce "mun gano", ya ambaci Inkil sau uku. Manya suka tafa. Ni kuwa layin baya nake kallo, inda wani ya ɗaga waya ya ɗauki abin da ke allo.

A bakin ƙofa na tare shi. Ya ce, "Kwantar da hankalinki, ai mutanen nan yanzu sun waye." Har yau in na tuna maganar nan raina ɓaci yake yi sabo fil. Tafi yake so, kuma ya samu.

Ya kamata in je wurin dattijon a ranar. Kunya ta hana ni, kwana uku ina cewa gobe. Da na je, turaku na tarar an kafa a jikin maɗacin har sama. Sheƙar a wargaje, gashin tsuntsu warwatse a kan kunya-kunyan gona.

Dattijon yana tattara kara. Ya amsa gaisuwata tsaf, har ya tambayi mutanen gida. Sannan ya ce, "Su biyu ne suka zo ina kasuwa. A bakin titi suka yi ta nuna wa mutane bishiyata a waya, suna tambayar hanya. Wa ya ɗauki hoton nan?"

Sunan abokin aikina yana bakina, da dukan bayanin da na kwana uku ina shiryawa. Dattijon ya tsaya da kara a hannu yana jira.

Na ce, "Ni ce, Baba."