Ranar Da Na Danne Kafaɗar Jikata

A gidanmu yaro ba ya gai da babba a tsaye. Haka kakanninmu suka zo da abin daga yamma, haka muka riƙe shi a Gadarif ta ƙasar Sudan, ko da yake Hausar bakinmu ta cakuɗe da Larabci. Ni ma haka na tarbiyyantar da 'ya'yana, wani lokaci da tsumagiya, Allah Ya yafe mini.

Da yaƙi ya ci Khartum, 'yata ta dawo gida da 'yarta mai shekara bakwai. Mijinta ba ya tare da su. Na tambaya sau ɗaya, ta ce, "Baba, ka yi masa addu'a." Ban ƙara ba.

Yarinyar ba ta jin Hausa sosai. Da safe sai ta zo ta tsaya ƙiƙam, ta miƙo mini hannu kamar ni sa'anta ne. Na yi ta jan ta da wasan jika, ina cewa, "Ke 'yar birni, gwiwar taki ta katako ce?" Ba ta dariya. Kakarta ta ce in ƙyale ta. Ban ji ba.

Wata rana da hantsi muna shan jabana, gahawar nan tamu, da abokaina a inuwar rakuba, wato rumfa, ta kawo mana ruwa, ta gaishe su a tsaye. Wani tsoho da muke noman riɗi tare ya ce, "Alhaji, ashe hakima aka kawo maka? To mu ne za mu durƙusa mata?" Aka kwashe da dariya. Kunya ta kama ni, kuma kunyar banza ce. Na kama kafaɗarta na danna ƙasa, na daka mata tsawa, "Durƙusa!"

Ta durƙusa. Amma sai ta ɗora hannuwa biyu a ka, ta runtse ido, tana ta faɗa da Larabci, "Ba mu da komai, wallahi ba mu da komai." Fitsari ya jiƙa rigarta. Kowa ya ajiye finjalinsa.

Uwarta ta fito a guje ta ɗauke ta. 'Yar da ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni ba, ranar ta dube ni. "Baba, a kowane shinge na hanya haka masu bindiga suke ce mana. A durƙushe take aka tafi da ubanta."

Kafin la'asar ta ɗaure kayansu, suka koma makarantar da aka sauke 'yan gudun hijira. Ta ce gara su kwana cikin baƙi da gidan da za a firgita mata 'ya.

Abin da ya fi ci mini rai har yau, ban bi su nan take ba. Kwana tara ina cewa ai ni ne uba. Matata takan ajiye mini abinci, ta ɗauki wani kwanon ta nufi makarantar. Da na ji 'yata na shirin wucewa garin Fau wurin wata ƙawarta, sai na sa takalmi.

Na same su a bakin aji, mata cike da wurin. Ban san yadda babba yake roƙon yaro gafara ba, ba wanda ya taɓa nuna mini. Na zauna a ƙasa, nesa kaɗan, na ce da Larabci don ta ji, "Jikata, na yi laifi. Ki yafe mini." Ta ɓuya a bayan uwarta.

'Yata ta ce, "Baba, za mu dawo. Amma ba mai taɓa ta, ba mai yi mata tsawa. Ko kai."

Mata duk suna kallona. Na ce, "Ko ni."

Sun dawo a ranar, amma sai bayan an yanke riɗi yarinyar ta yarda ta zauna a gefen tabarmata. Yanzu har gemuna take ja, tana cewa na tsufa, ba ta so na. Duk da haka, in zan gyara hula, sai na duba ko tana kusa, sannan in ɗaga hannun a hankali.