Inna Turai, Mai Tambayar Lafiyar Uwa

Kafin rana ta ɗago a Burumburum, Inna Turai ta riga ta idar da sallah, ta ja zane ta ɗaure, ta kama hanya da damin ganyen darbejiya a hammata. Ba sai ta tambayi gida ba. Inda hayaƙi ya riga na kowa tashi, nan ake dafa ruwan mai jego, nan kuma ake jiranta.

Wankan jego shi ne aikinta, tun gashinta yana baƙi har ya koma fari fat. Ita ke surka ruwa ta gwada da gwiwar hannu, ita ke fyaɗa ganye, ita ke gasa cibiyar jariri, ta dama kunu ta tsaya a kan mai jego sai ta ga ƙasan kwano. Da ma'aikatan asibiti suka yi mata bayanin cewa ruwa mai ƙuna da kanwa mai yawa suna taɓa zuciya, sai ta rage duka biyun. Tsofaffi suka yi ta tsegumi wai wankan Turai ya zama na 'yan gayu. Ta ce ta ji, ita dai a bar mata 'ya'yanta da ransu.

Amma ba don ruwan zafi ake wannan jinjina ba. Masu wanka suna da yawa. Abin da ya raba Inna Turai da su shi ne in an gama, ba ta saɓa mayafi ta fice. Sai ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna, ta dubi mai jego ta ce, "To, ke fa? Kina samun barci? Me kike tunani in kin zauna ke kaɗai?"

Ku dubi yadda muke zuwa barka. Mu cika ɗaki, mu karɓi jariri hannu zuwa hannu, mu yi ta gardama a kan hancin wa ya ɗauko. Ita uwar da ta sha wuyar, mu ce mata "sannu da arziki" a tsaitsaye, mu nemi takalmanmu. Akwai ciwon da yake kama mace bayan haihuwa, wanda ba ya kumbura ƙafa, ba ya sa zazzaɓi. Barci ya ƙaurace mata, abinci ya fita ranta, ta ji duniya ta yi mata baƙi, har ɗan da ta haifa ta kasa jin daɗinsa. Likitoci suna kiransa ciwon damuwa na bayan haihuwa, kuma yana da magani.

Sai dai maganin ba kowa yake iskewa ba, kuma wannan ne ya daɗe yana ci wa Inna Turai tuwo a ƙwarya. Ta taɓa yi wa Sumayya wanka, 'yar wani mai shagon taki a Tudun Wada. Da yarinyar ta fara kuka ba dalili, kafin a yi suna an sa ta a mota sai Kano, ta ga likita, ta dawo ta goyi ɗanta. A shekarar nan kuwa, a wata ruga ta wajen Doguwa, aka binne wata mai jego kafin ta yi arba'in. Ita ma ta daina ci, ta daina magana, ta daina duban jaririyarta. Ba wanda ya kai ta ko'ina, domin ba wanda ya ga ciwo. Inna Turai ta je ta'aziyya, ta ji da kunnenta mata suna yabon marigayiyar, suna cewa ba a taɓa yin yarinya mai kunyarta ba. Ciwo ɗaya ne ya kama matan nan biyu. Inna Turai ta dawo gida ranar ba ta iya cin abinci ba.

Mahaifiyar Inna Turai Bafulatana ce, don haka tana jin Fulatanci, mutanen ruga kuma suna ɗaukar ta tasu. Shi ya sa da Luba ta haihu, aka aiko mata. Luba matar Lado ce, wani makiyayi da ke zaune da shanunsa a bayan Burumburum. Haihuwar fari ce, kuma da a ce iyayenta suna kusa, gida za ta je wanka. To sun daɗe da yin ƙaura can kudu, sai ta haihu a hannun surukarta, wadda kowa ke kira Nenne. Nenne kuwa ciwon baya ya hana ta ɗaga tukunya.

Kowa ya san kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya yi kuka sai an matsa mata take ɗauka. A ruga abin ya fi ƙarfi, shi ne ma'aunin tarbiyya. Luba kuwa ta cika mudu har ya zuba. A miƙa mata yaro ta ba shi nono fuskarta na bango, ya ƙoshi ta ajiye. Mata suka yi ta sa mata albarka. Nenne har wani ɗaga kai take yi in baƙi sun zo.

An ma kai su asibiti rigakafi. Malama Zulaihat, ma'aikaciyar da ke duba masu jego a ƙaramin asibitin yankin, ta tuna da ranar. Layi har waje, ita kaɗai, ba ta jin Fulatanci, Luba ba ta jin Hausa sosai. Ta tambayi lafiyar uwa, ƙanin miji ya amsa da cewa lafiya lau. Luba ta ce "jam", wato lafiya, kanta a ƙasa. Wata mata a layi ta ce, "Ai haka suke, ba sa magana." Aka auna jariri, aka yi masa allura, suka tafi.

Inna Turai dai hankalinta bai kwanta ba. Ta yi wa masu haihuwar fari wanka ba adadi, ta san halinsu. Mai kunya tana satar kallo. Ta kawar da kai, amma kunnenta yana wurin ɗanta, in ya yi atishawa sai ka ga kafaɗarta ta motsa. Rannan da hantsi, bayan wanka, ta kori kowa daga bukkar, ta kwantar da yaron kusa da uwarsa, ta ce za ta je ɗebo itace. Ta zagaya baya ta tsaya tana leƙe ta tsakanin kara. Yaron ya motsa, ya fara kuka. Ba kowa, ba idon da za a ji wa kunya. Luba tana zaune, hannuwanta a cinya, hawaye na zuba, ko juyowa ba ta yi ba.

Inna Turai ta koma ciki ta ɗauki yaron, ta zauna har gwiwarsu na taɓa juna. Da Fulatanci ta yi mata magana, a hankali.

"'Yata, ni ba baƙuwa ba ce. Me ke damunki?"

Luba ta buɗe baki. Ta ce tun da ta haihu ba ta san barci ba. Ta ce tana duban yaron ta ji kamar ɗan wata ne, kuma ta san uwar kirki ba ta jin haka. Sannan ta ce in ta je tafkin da shanu ke shan ruwa, takan daɗe a tsaye, tana ganin yaron zai fi samun gata in ba ta nan.

"Inna, don Allah kada ki gaya wa kowa."

"Duk abin da kika ba ni ajiya zan riƙe," in ji Inna Turai, "ban da wannan. Wannan ba amanar da ake riƙewa ba ce. Ciwo ne ya kama ki, ba mugun hali ba, kuma na ga wadda ta warke."

Inna Turai ta fita ta sami Nenne a gindin kargo tana gyaran ƙwarya.

"Nenne, surukarki ba ta da lafiya."

"Ke Turai, zaman gari ya sa kin manta gida. Kunya ce. Ni da na haifi Lado, har aka yaye shi ban taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba."

"A gaban mutane. To in an watse fa?"

Nenne ta dakata da abin da take yi. Can ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "In an watse, sai in jawo shi jikina in yi ta sansanar kansa."

"Ita ko an watse ba ta jawo shi."

Lado ya fi wuyar shawowa, ba don rashin so ba. Ruwa ya fara janyewa, shanu za su yi kudu, an riga an fara ɗaure kaya. Kuma yana tsoro.

"Inna, in aka ji mun kai ta wurin likitan ƙwaƙwalwa, sunanta mahaukaciya har ta mutu. Mu kuma kin san yadda ake yi mana a gari. Sai kowa ya gama a kira mu, a yi mana magana kamar da yara."

Inna Turai ba ta ƙaryata shi ba, domin ta san gaskiya ya faɗa. Ta dai gaya masa maganar tafki, ba ta rage ko kalma ba. Ta ce hanyar kudu duk rafuka ne, kuma shi idonsa na kan shanu. Lado ya durƙushe a wurin, ya riƙe sandarsa da hannu biyu.

"Shanu su tafi," in ji ta. "Luba da yaro su zauna a ɗakina. Duk inda za a je, da ni za a je, bakina ne bakinta."

Haka aka yi. Da Malama Zulaihat ta ji bayani, nan take ta gane ciwon, ta tura su wurin likita a Kano, ta kuma riƙa bibiya har gida. Inna Turai, da gwiwoyinta masu ciwo, ita ce a mota, ita ce a layi, ita ce mai fassara. Rani guda Luba ta yi a ɗakinta, ba a bar ta ita kaɗai ba. Sauƙin bai zo da gudu ba, akwai ranakun da aka koma baya. Amma da damina ta faɗi shanu suka dawo, da ƙafarta ta koma ruga, ɗanta a bayanta, tana yi masa waƙa.

Inna Turai, ke ce kika ƙi yarda a yabi mace har kabari. Ke ce kika ɗauki ran 'yar ruga daidai da ran 'yar mai shago, a lokacin da hanya da harshe da raini suka raba su. Uwar marasa uwa a kusa, Allah ya saka miki da alheri.

Bana ƙarfi ya ƙare. Ido ya yi rauni, gwiwa ta ƙi. Ɗanta Balarabe ya rantse sai ta koma wurinsa a Tudun Wada ta huta, kuma ba wanda zai ce bai kyauta ba. Mu da muka rage, aikin ya dawo kanmu. Ba sai mun iya surka ruwa ba. In mun je barka, mu ajiye jaririn tukuna mu zauna da uwar, mu tambaye ta, mu jira amsa. In ba ma jin harshenta, mu nemo mace mai ji, kada mu bar wani ya amsa mata. Masu iko da asibitocinmu kuma su sani, macen da ba a iya tambayarta ba, ba a duba ta ba.

Ranar tafiyar, Balarabe ya kawo mota ƙofar gida, an fito da kaya, mata sun cika tsakar gida ana sallama. Sai ga Nenne ta shigo, tana dogara sanda, ta yi tafiyar da bayanta bai saba yi ba. A bayanta wata yarinya ce mai jego daga rugar maƙwabta, kanta a sunkuye, wata tsohuwa na riƙe da jaririn.

"Turai, ki duba mana wannan kafin ki tafi," in ji Nenne. "Kowa yana yabonta. Ni kuwa ban yarda da kunyar nan ba."

Inna Turai ta dubi yarinyar. Ta cire mayafin tafiya ta rataye a igiya, ta ce a miƙo mata kujera.

"Ku gaya wa Balarabe ya kashe motar."

Mun gode, Inna. Allah ya ƙara miki lafiya, ya ba mu masu hali irin naki.