Baba Baibai da Rigar Auren Kakata

Ƙarfe takwas na safe Baba Baibai yake buɗe tagar ɗakinsa, can ƙuryar shagon tsofaffin kaya, sai ka ratsa dilolin gwanjo kafin ka kai. Ba ya kunna fitila. Cewa yake ƙwan lantarki maƙaryaci ne, hasken rana kaɗai ke faɗin gaskiyar launi. Zai goge tebur, ya wanke hannu, ya jera ƙaramin almakashi da allura da ashana da wani gilashi mai ƙara girman abu. Duk rigar da aka miƙa masa, kafin ya kalli kyanta sai ya juya ta baibai. Nan sunan ya samo asali, yawancinmu ba mu ma san na yankansa ba.

Aikinsa shi ne ya faɗi shekarun tufa, ya kuma nuna inda aka taɓa ta daga baya. Shekara arba'in da ɗaya ke nan, ƙarshen watan nan zai ajiye don ido ya fara yi masa gardama.

Mai gugar shagon ya ba ni labarin wani dillali da ya kawo kwat yana ta rantsuwa ta shekara tamanin. Baba ya juya ta, ya ga zif ɗin roba da ɗinkin injin zamani, ya ce, “Malam, jikata ta girmi kwat ɗin nan. Maɓallan ne tsofaffi, su ma daga wata rigar aka ciro su.” Mai shagon da kansa ya taɓa lallaɓarsa ya ƙara wa wata riga shekaru a takarda. Baba ya ce shi bai iya yi wa tufa ƙarya ba, balle mutum.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami, a gidanmu ya faru.

Da Kakata ta rasu, Ummata aka bar wa rigar aurenta, don ita ce 'yar fari. Rigar tana cikin akwati a gidan ƙanwar Umma, wadda muke kira Inna Ƙarama. Umma ba ta taɓa ganin rigar ba sai a hoton da ke bangon falonmu: dogon hannu, siririn ƙugu. Da aka kawo, sai ga hannu guntu, ƙugu da faɗi. Inna Ƙarama kuwa mace ce mai jiki. Umma ba ta tsaya wata-wata ba, ta ce Inna ce ta yanka rigar uwarsu don ta shige ta. Inna ta rantse har da kuka, ina! Shekara shida ko gaisuwar waya babu. Bara Inna ta kwanta a asibiti, likitoci suka fara yi mana magana ƙasa-ƙasa. Raina ya ɓaci, na ce wallahi ba zan zuba ido ta tafi da wannan zargi a kanta ba.

Umma ta yarda mu je wurin Baba ne kawai don ta ƙure ni. “Mu je,” in ji ta, “ki ji da bakin wani, tunda nawa ba ya shiga kunnenki.”

Baba ya juya rigar, ya daɗe a kanta da gilashinsa. Ya ce da Umma, “Gaskiyarki, 'yata, an gyara ta.”

Umma ta harare ni.

Ya tsinko ɗan bakin zare daga wurin gyaran, ya ƙyasta ashana. Zaren ya zama toka. “Auduga ce zalla. Da na roba ne irin na yanzu, narkewa zai yi ya dunƙule. Ƙyallen da aka ƙara a ƙugu kuma daga hannun aka yanko shi, kuma tare suka koɗe da jikin rigar. Gyaran nan ya haura shekara hamsin. A gidanku wa ke ɗinki da hagu? Kin ga yadda allurar ta karkata.”

Umma ta ƙura wa ɗinkin ido. Kaka bahaguwa ce, ko tsintsiya da hagu take riƙewa.

“Sannan ki duba,” in ji shi, “gaba kawai aka buɗa, ba a taɓa baya ba. Ƙiba ko'ina take zuwa. Wannan ciki ne. Amarya ce mai rigar kirki guda ɗaya, ciki ya fito, ta rage hannu ta ƙara gaba. Wane ne ɗan fari a ɗakinku?”

“Ni ce,” in ji Umma, da ƙyar na ji muryarta.

“To, ke aka yi wa wuri.”

Umma ta nemi kujera ta zauna. Daga shagon, asibiti muka wuce wurin Inna. Ban san me suka faɗa wa juna ba, don ni a waje aka bar ni. Inna Ƙarama ta ƙara wata huɗu a duniya, kuma a hannun yayarta ta cika.

Baba, kai ne mai karanta allura, mai duba ciki kafin ya yaba waje. Kai ba alƙali ba ne, amma shari'ar da ta gagari dangi shekara shida, kafin shayinka ya huce ka raba ta. Da na koma yi maka godiya ma ba ka gane ni ba, sai da na ce rigar bahaguwa, ka ce, “Af, mai ciki!”

Mun gode, Baba. Allah ya ƙara wa idon nan lafiya, ya sa ka huta cikin rufin asiri. Ku kuma teloli masu tasowa, mutumin nan yana raye, kuma ba ya rowar sani. Ku je ku zauna kusa da tagar nan tun kafin a rufe ta. Sauranmu ko allura ba mu iya riƙewa ba, mu ɗauki ɗabi'arsa: a juya abu a duba kafin a yanke hukunci.

Rigar tana nan rataye a ɗakin Umma. A baibai ta rataye ta, kuma ta hana kowa ya juya ta.