Karatun Wata Uku a Kano da Aikin da Aka Yi Mini

Daga Damagaram

Ana idar da sallar asuba, ƙarfe shida saura kwata, motarmu ta bar tasha. Ban taɓa fita daga Nijar ba, ga shi yau zan tafi Kano koyon Turancin Ingilishi da kwamfuta. Don murna ko fankasun da Inna ta ƙunsa mini ban iya ci ba. Mun wuce Matamaye takwas saura, tara da rabi muna kan iyaka. Jami'in ya duba takarduna ya ce, "Ɗaliba ce? To Allah ya ba da sa'a." Daga nan sai Daura, sai Kazaure. Kilomita ɗari biyu da 'yan kai, amma sai ƙarfe biyu muka shiga Kano.

Zaitawa

Masaukina a unguwar Zaitawa yake, gidan Hajiya Binta, mai sayar da atamfa, wadda Baba ya daɗe yana sarin kaya a wurinta. Ba mu haɗa jini da ita ba. Ta tare ni da gurasa da ƙuli, ta ba ni ɗaki kusa da nata. Wata biyu na yi ina jin daɗina: da safe makaranta, da yamma na bi ta Jakara na shiga kasuwar Kurmi ina kallo kamar idona zai faɗo.

Ranar Talata

Saura sati uku jarrabawa, cikina ya fara ciwo ta gefen dama. Na sayi magani a kemis, na yi shiru kwana biyu, don ina jin nauyin ɗora wa Hajiya wahala. Ranar Talata da hantsi ta same ni a duƙe bakin rijiya, na kasa miƙewa.

"Rabi, me ya same ki?"

"Hajiya, ku kai ni likita."

"Wane likitan? Kin san wani ne?"

Sai na tuna abin da mu muke kira likita, su asibiti suke cewa. Na gyara. Ta ce, "Yau na ga ta kaina, tana mutuwa tana yi mini Hausar Damagaram!" Ta yafa mayafi, ta tare adaidaita sahu, ta ce da direban, "Malam, duk ramin da ka faɗa, ni da kai ne." Haka ya lallaɓa da mu har wani asibiti wajen Ƙofar Nassarawa. Sha ɗaya da kwata muka yanki kati.

Likitar mace ce, ba ta girme ni sosai ba. Ta danna cikina a hankali, ta saki farat ɗaya, na ƙwalla ihu. Bayan gwajin jini da hoto ta ce, "Afendis ne, wani ɗan reshen hanji ne ya kumbura, kuma ya kusa fashewa. Yau za a yi aiki. Ina wanda zai sa hannu?"

Muka kira Baba sau bakwai, wayar ba ta shiga, ashe ya tafi cin kasuwar ƙauye. Ta Inna kuwa a kashe. Nan tsoro ya kama ni, na fara kuka. Likita ta dubi Hajiya. "Ke mece ce tata?"

Hajiya ta matso kusa. Sai ta ce, "A ƙasar nan ni ce uwarta. Kawo takardar."

Ƙarfe uku aka shiga da ni. Da na farfaɗo, abin da na fara gani shi ne Hajiya kan tabarma, carbi a hannu, tana yi mini faɗan kwana biyun da na ɓoye.

Kwana biyar a gado

Wallahi kamar gidan biki! Matan Zaitawa suka yi ta zuwa da kunun gyaɗa da farfesun kaza tun kafin a ba ni izinin ci. 'Yan ajinmu suka kawo mini darussa, ma'aikatan jinya suna yi mini tambayoyi da Turanci suna dariyar amsata. Da Baba ya samu labari ya ce zai taso, Hajiya ta karɓi wayar ta ce, "Alhaji, yi zamanka, an gama." Na rubuta jarrabawa ina dafe da ciki, kuma na ci.

Komawa gida

Hajiya ta rantse ba zan hau mota ni kaɗai ba. Ita da ba ta taɓa wuce Daura ba, ta rufe shago ta biyo ni. Mun tashi bakwai na safe, ta saya mini kujerar gaba don kada a matse ni. A kan iyaka ta ji jandarmomi suna Faransanci, ta raɗa mini, "To yanzu ke ce uwata, ban san abin da suke faɗa ba."

La'asar sakaliya muka isa. Inna ta fito da gudu ba takalmi. Hajiya ta kama hannuna ta danƙa mata, ta ce, "Ga amanarku. Sai dai ku yi haƙuri, ba a cike na dawo da ita ba, an ɗan rage wani abu." Inna tana dariya tana hawaye, ta sake ni ta rungume ta.

Na gode wa Allah da ya dawo da ni da ƙafata. Na gode wa likitar nan da ma'aikatanta, da matan Zaitawa. Hajiya Binta kuwa, kwana biyu ta ce za ta yi mana. Yau kwananta tara, Inna ta ɓoye mata jaka.