Lambar da Kaka Ya Soke Cikin Bango

Ranar wata Alhamis, ana tsakiyar dashen albasa, ina ɗan shekara goma sha huɗu, kwamfutar ofishin manoman rani na garinmu ta ƙi buɗe wa kowa. Ina tsaye bakin taga da laka har gwiwa, don daga gona Baba ya aiko ni in dubo ranar da ruwa za shi zo layinmu. Sakatare, Malam Sani, ya latsa nan ya latsa can, gumi na ɗiga bisa teburi. Wani rubutun Turanci ya tsaya tsakiyar gilashin kwamfutar, ba gaba ba baya. Ni da ke aji biyu na ƙaramar sakandare, daga waje na karanta shi: ba ta buɗewa sai an sa mata lambar lasisi ta gaskiya.

Garinmu yana ƙasan dam ɗin Goronyo, kuma ruwan rani bi da bi aka raba shi. Jerin sunaye da ranakun kowa yana cikin kwamfutar nan. Duk mako a tada janareto, a buga takarda, a liƙa ga ƙofa. Gonarmu can wutsiyar kwatar da ke kai ruwa gonaki take, inda ruwa ke isowa a gajiye. In da takarda, ruwanmu namu ne. In babu, 'yan manyan gidaje da ke bakin kwata su buɗe nasu su bar mu da caɓi, kuma ba ka da bakin magana. Mu yara ba mu damu da wannan ba sai ranar da ta taɓa tukunya. Aikinmu korar tsuntsaye ga shinkafa da gwangwani, ɗaukar irin albasa cikin kwando, da faɗawa kwata mu yi iyo mu lalubo tarwaɗa, sannan mu yi langa bisa gaɓa har wando shi bushe.

Abin da ya faru ba wani asiri ba ne. Wata guda kafin nan kwamfutar ta kamu da cuta, anka ɗauko wani mai gyara daga Sakkwato, muna ce mishi Injiniya. Ya ajiye jerin sunayen gefe guda, ya wanke ta tas, ya zuba mata sabuwar manhaja, amma ya sa mata lambar da ke jikin faifan da yake yawo da shi. Tun daga ranan take ƙirga kwana talatin a wani ɗan lungu na gilashi, kullum tana ragewa. Ba wanda ya tsaya ya karanta.

Anka sake ɗauko shi bisa babur. Ya maida agogonta baya, ta ƙi. Ya buɗe wani littafi nai, ya gwada lamba uku, duk ta ce an riga an yi aiki da su wani wuri. Daga baya ya share fuska ya ce sai lambarta ta asali, haruffa da lambobi ashirin da biyar, bisa wata 'yar takarda mai ƙyalli da ta zo cikin kwali. Kwalin kuwa tuni kazar matar Sakatare ta yi ƙyanƙyasa biyu ciki. Injiniya ya hau babur ya koma. Kwana huɗu ba takarda ga ƙofa. Ganyen albasarmu ya fara lanƙwashewa.

Kakana Mamman, uban Baba, shi ke gadi da sharar ofishin. Bai san boko ba ko harafi ɗaya, amma bai taɓa barin takarda mai rubutu ƙasa ba. Sai ya ɗauka, ya kaɗe, ya naɗe, ya soke cikin tsagar bangon zaurenmu. "Rubutu ba a taka shi," haka yake cewa, "ba ka san sunan wa ke ciki ba." Na san wannan da kyau, don na sha dorina ranar da na zaro wasu na yi jirgi da su.

Rana ta biyar ban je makaranta ba, don na tuna Kaka ke kwaso takardun ofishin. Na tsaya gaban bangon ina zaro takardu ɗaya bayan ɗaya: takardar buhun taki, katin ɗaurin aure, guntun jarida. Kaka ya shigo da sandarsa.

"Kai, ɗan banza, mi kaka nema?"

"Ruwan Baba, Kaka."

Ya dubi bangon. Sannan ya ɗaga sandar ya nuna can sama, kusa da gidan zanzaro. "Mai walƙiyar na can. Na ɗauka ta masu daraja ce." Gara ta ci gefe guda, amma ba ta taɓa lambar ba.

Da yatsa ɗaya na shigar da ita, Malam Sani na huci bisa wuyana. Ta karɓa, sai ta fito da wata doguwar lamba, ta ce a buga waya a faɗa. Garin duk ba inda waya ke kamawa sai bisa tudun dam. Munka hau ni da Malam Sani da rana tsaka, ɗan Sakatare, Nasiru, na riƙe da babur a ƙasa. Ni na latsa lambobin, ni na saurari muryar na'ura tana jero wasu, na rubuta su bayan littafin lissafina. Munka sauko na shigar da su. Ta buɗe. Kafin la'asar takarda na ga ƙofa, washegari ruwa ya shiga gonarmu. Baba ya tsaya cikinsa har idon sawu, ya ce, "Ashe bokon nan naka ba na banza ba ne." Iyakar yabon da na taɓa samu gare shi ke nan, kuma ya ishe ni.

Da ƙungiyar manoman ta samu gurbin tura yaro ɗaya koyon kwamfuta, Nasiru sunka tura. Mai riƙon babur. Ba wanda ya ji kunya, ni ma ban yi mamaki ba. Shekara ta zagayo na bar makaranta, abin da na iya da hannuna na koye shi.

Yanzu ina da 'yar rumfar gyara a Wurno. Daga Rabah da Marnona ake kawo mini kwamfutoci, kuma ba wadda ta taɓa gagarata. Na yau ba su zuwa da takarda, da sun ji intanet sai su gane kansu da kansu. Wanda lambarsa ta ɓata kuwa nakan tambaye shi inda ya aje ta, sai shi ce tuni ya yar da takardar. Zaurenmu an shafe shi da siminti bayan rasuwar Kaka, ba tsaga ko ɗaya, takardu na yawo cikin lungu ana bi ta kansu. Ni dai har gobe in na ga rubutu ƙasa sai na duƙa.