Ƙafar Baba da Katin Maƙwabci

A unguwar Hindawiyya aka haifi Baba, a nan aka haife ni, amma a takarda mu baƙi ne. Kakanmu ya zo Hajji a ƙafa ta Sudan, aka ce ya yi rajistar zama ɗan ƙasa, ya ce a'a, baɗi zai koma gida. A nan aka binne shi.

Shekara talatin Baba yana sauke kaya a tashar jiragen ruwa. Shinkafar Indiya, tayoyin Sin, kajin Burazil, kowanne ya shigo ana yi masa maraba, ba mai tambayarsa iƙama, wato takardar zama, ko kafilin da ya tsaya masa. Da kamfanin ya gano zai samu ma'aikata masu araha daga Asiya, sai aka ce da Baba halas, wato aiki ya ƙare. Inshorar asibitinsa ta tafi tare da aikin. Tir! Daskararriyar kaza ta fi ubana gata a garin nan.

A shekarar ce ciwon sukari ya sauka masa a ƙafar dama. Babban yatsa ya yi baƙi, ɗaki ya fara wari, Umma tana ta turare tana kawar da kai. Asibitin gwamnati kyauta ne, amma ga 'yan ƙasa. Na kuɗi kuwa ya fi ƙarfinmu.

Maƙwabcinmu Bahaushe ne kamarmu, sai dai shi kakansa ya yi rajistar. Ya aiko mana da katinsa na ɗan ƙasa. Haka ake yi a unguwar kafin a fara ɗaukar hoton yatsa, tunda a idon ma'aikatan duk baƙar fata kamanninsu ɗaya. Abin ƙyama yake ba ni, amma da hannu biyu na karɓa.

Na kai Baba, muka zauna a layi. Ma'aikaciya ta kira sunan maƙwabcin. Baba bai motsa ba. Ta sake kira. Na taɓa shi na ce, "Yalla Baba, kai ake kira."

Ya ce, "Na ji. Ba ni ba ne."

"Don Allah Baba, ƙafarka ce fa!"

"Rago ubana ya yanka ya raɗa mini suna. Ba zan amsa na wani ba don a duba ni a garin da aka yanke mini cibiya."

Ta kira na uku, ta wuce kan na gaba. Wallahi cike da takaici na mayar da shi gida.

Bayan wata biyu 'yan unguwa suka haɗa hannu, aka yanke ƙafar daga gwiwa a asibitin kuɗi. Baba ya sa na karanta masa takardar sallama. An rubuta sunansa daidai.