Kirinjijiya a Gonar Yayana

Tun ina yaro nake da wannan lalurar ta kallon tsuntsaye, ko da na girma na kama koyarwa a Kazaure ba ta sake ni ba. Da sanyi ya shigo, duk Asabar sai in hau babur in nufi ƙauyenmu a ƙasar Roni, in zauna a kan wani falalen dutse a bakin tafki. Zalɓe na tsaye cikin ruwa kamar wanda aka yi wa rasuwa, dinya na kiwo can nesa. Amma abin da ke kawo ni kirinjijiya ce, agwagin ruwan nan masu farar fuska da ke tashi garke guda suna fito. Mutanen ƙauye sun gama yanke mini hukunci, wai boko ya taɓa ni.

Yayana, wanda nake bi, a gefen tafkin yake noman shinkafar rani. A shekarar da nake ba da labari damina ta yi gardama, gero bai yi ba, shinkafar nan ce kaɗai ta rage tsakanin iyalinsa da yunwa. Kirinjijiya kuwa ina ruwanta! Ya yafa iri, ta sauka ta tsince. Ya sake yafawa, ta sake dawowa. Ya kafa mutum-mutumi, ya rataya gwangwanaye, ya yi ihu har muryarsa ta dushe.

Wata safiya ya same ni a kan dutsen. "Malam, baƙinka sun cinye ni. Kai kana kallo, ni ana yi mini sata."

Na ce, "Yaya, a ƙara haƙuri mana. Da ruwa ya ja baya za su tafi."

"To, in sun tafi kai za ka ciyar mini da yaran?"

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kuwa da kyar nake riƙe nawa gidan.

Asabar ɗin da ta biyo, tun daga hanya na ji shirun ya yi yawa. Ashe Yaya ya jiƙa shanshera, shinkafa mai ɓawo, da maganin ƙwari ya watsa a bakin ruwa. Ga kirinjijiya nan birjik a cikin laka, wasu sun sandare, wasu na jan fiffike suna zagaya wuri ɗaya. Har da kurciyoyi, har da wani shaho da ya ci rabonsa. Mutane na bin masu sauran rai da wuƙa, a yanka kafin su zama mushe. Na ce musu guba ce fa, suka ce ai za a zubar da kayan cikin.

Yaya na tsugune a bakin gonarsa, bai ɗago ya dube ni ba. Na so in faɗa masa baƙar magana, sai na juya na koma kan dutsen. Ina da gemuna na zauna na yi kuka, kuma har yau ba na jin kunyar faɗa.

Shinkafa ta yi kyau a wannan shekarar. Bayan girbi Yaya ya ɗoro rabin buhu a bayan babur ya aiko mini, ko saƙon baki babu. Lokacin kuwa gidana babu ko ƙwayar hatsi. Maiɗakina ta dafa da mai da yaji, yara suka zagaye kwano suna ta santi. Na daɗe ina kallon nawa kwanon yana huce tururi. Daga ƙarshe na wanke hannu na ci, na cinye tas. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne daɗin da ta yi.